Kura da Shan Bugu: Yadda Katun ke Nuna wa Yara Sarki da Bara

Ɗiyar ƙanwata shekararta biyar, kuma Turancinta bai wuce ƙirga ɗaya zuwa goma ba. Wata Asabar da rana aka kawo wuta, na kunna mata The Lion King don in samu sararin ƙarasa wani rubutu. Tana zaune bisa tabarma da kofin kunu a gabanta. Ba a jima da farawa ba wani ramammen zaki mai baƙar geza ya bayyana yana wasa da ɓera, sai ta waiwayo ta ce, "Kawu, wannan mugu ne." Na ce, "Wa ya gaya miki?" Ta ce, "Ba ka ga idonsa ba?" Da kuraye suka fito kuwa, tun kafin su buɗe baki ta janye kofinta zuwa jikinta, kai ka ce za su miƙo hannu ta cikin akwatin su ɗauke.

Har fim ɗin ya ƙare ba ta yi kuskure ko sau ɗaya ba. Ta gane sarki, ta gane yarima, ta gane bafaden da ke kai gaisuwa, ta gane wawayen da aka ajiye don dariya, alhali ba ta fahimci kalma guda ba. Gwanintar masu zane ke nan, kuma sun cancanci yabo. Rubutun da na zauna yi dai ban ƙarasa shi ba, don hankalina ya koma kan tambayar da wane tubali ake gina wannan ganewa.

Kowane fim ɗin katun yana da matakalarsa. A ƙoli akwai jarumi, wanda labarin nasa ne, shi ke da buri, shi ke yin kuskure ya gyara. Ƙasa da shi akwai masoyiya da dattijo mai nasiha, sai 'yan rakiya masu ban dariya, sai mugu da yaransa, can ƙasa kuma taron jama'a marasa suna. Fim na minti tamanin ba shi da lokacin gabatar da kowa dalla-dalla, saboda haka mai zane yakan bi yanke: siffar hanci, launin fata, karin harshe. Yanken nan kuwa ba daga sama yake faɗowa ba. Daga abin da jama'a suka riga suka ƙudurta game da wasu mutane ake samo shi, shi ya sa yake aiki nan take.

Matar da ba mu taɓa ganin fuskarta ba

Duk wanda ya tashi yana kallon Tom and Jerry zai tuna wata mata da takan shigo da tsintsiya tana yi wa kyanwar faɗa. Ƙafafunta muke gani, da silifas, da ƙasan riga, da baƙaƙen hannaye. William Hanna da Joseph Barbera sun fito da ita tun a zanen farko a 1940, ta ci gaba da bayyana har 1952, kuma wata baƙar fata mai suna Lillian Randolph ce ta ara mata murya. Muna yara ba mu ɗauke ta komai ba sai mafaɗaciyar uwar gida. A Amurka kuwa kowa ya san samfurin da aka zana: ƙatuwar baƙar mace mai aikatau a gidan Turawa, mai hargowa, mai karyayyen Turanci, siffar da ta samo asali tun zamanin bauta. Da aka zo nuna zanen a talabijin a shekarun 1960, an sake zana wasu sassan aka mai da ita farar mace, aka canza muryar. Kyanwa da ɓera suna da fuska, suna da fushi da murna da dabara. Mutum ɗaya tilo da ke cikin gidan, ita ce aka yanke daga kafaɗa.

Wannan gado ne daga dandamali. A ƙarni na 19 wasan da ya fi farin jini a Amurka shi ne wanda farar fata zai shafa baƙi a fuska, ya zana leɓɓa faɗa-faɗa, ya sa farar safar hannu, yana kwaikwayon rawa da maganar bayi. Fitaccen ɗan wasan shi ne Thomas Rice, wanda a shekarun 1830 ya shahara da wani hali da ya raɗa wa suna Jim Crow, kuma da sunan nan aka riƙa kiran dokokin wariyar launin fata na kudancin ƙasar daga baya. Masana tarihin katun irin su Nicholas Sammond sun nuna cewa masu zanen farko a cikin wannan wasa suka buɗe ido, kuma daga can suka kwaso farar safar hannu da zaro ido da wangale baki.

To, a Dumbo na 1941, shugaban hankakin da suka koya wa ɗan giwa tashi, sunansa a takardun kamfanin Disney Jim Crow, kuma farar fata ne, Cliff Edwards, ya yi muryarsa yana kwaikwayon maganar baƙaƙe. Masu kare fim ɗin sukan ce ai hankakin nan su ne kusan kaɗai suka tausaya wa Dumbo, kuma gaskiya suka faɗa. Sai dai a cikin fim ɗin akwai wani wuri da leburori baƙaƙe ke kafa tanti cikin dare ana tsuga ruwa, kuma ba a zana wa ko ɗaya daga cikinsu ido ko baki ba. Shekara guda kafin nan, a Fantasia, an nuna wasu halittu rabi mace rabi doki suna ado, masu hasken fata, ga wata 'yar baƙa gajera tana goge musu kofato tana sa musu furanni a gashi. Tun 1969 Disney ya yanke ta daga fim ɗin. Shi kuwa James Baskett, wanda ya ja ragamar Song of the South na 1946 har aka ba shi kyautar Oscar ta girmamawa, bai halarci bikin fara nuna fim ɗin a Atlanta ba, domin birnin na ƙarƙashin dokar wariya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da kunne ke koyo

Zanen da ya fito fili irin wannan ya ragu da tafiyar zamani. Murya ce ta gaji aikin. A 1997 wata masaniyar harshe, Rosina Lippi-Green, ta fitar da littafi mai suna English with an Accent, inda ta bi finafinan Disney 24 ta tantance maganar 'yan wasa 371. Ta gano cewa a cikin masu Turancin Amurka, kusan kashi 20 cikin ɗari ne miyagu, amma a cikin masu karin harshen 'yan ƙasashen waje adadin ya kai kusan kashi 40. Ta kuma lura da wani abu da ya fi wannan ɗaci: duk waɗanda aka ba Turancin baƙaƙen Amurka a finafinan da ta duba, a siffar dabbobi suka fito.

Aladdin na 1992 ya isa misali, kuma labari ne da Bahaushe ya sani ta hanyar Dare Dubu da Ɗaya. Kowa a fim ɗin ɗan gari ɗaya ne, Agrabah. Amma Aladdin da gimbiya Jasmine suna magana kamar 'yan makarantar sakandaren Kalifoniya, fuska sumul, fata da haske, har masu zanen sun faɗa da bakinsu cewa sun dubi Tom Cruise wajen fasalta jarumin. Dogarai da 'yan kasuwa su aka ba gemu da lanƙwasasshen hanci da Turanci mai nauyin Larabci, kuma su ke zare takobi a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Akwai inda mai sayar da tuffa ya kama hannun gimbiya zai sare shi saboda ta ba yaro mayunwaci guda ɗaya. Yaron da ke kallo a Ohayo, ko a Kano, abin da zai ɗauka shi ne gwargwadon kamanninka da Balarabe, gwargwadon haɗarinka.

Ƙungiyar Larabawan Amurka mai yaƙi da wariya ta yi ƙorafi, musamman kan wani baiti a waƙar buɗe fim da ya siffanta ƙasar da yanke gaɓoɓin mutane ba gaira ba dalili. A 1993, kafin a fitar da kaset, Disney ya sauya baitin. Kalmar da ta kira wurin ƙasar dabbanci dai aka bar ta, hancin dogarai ma yana nan yadda yake. Abin dariya a nan, labarin Aladdin da ya shiga Turai ta hannun Bafaranshe Antoine Galland, wanda ya ji shi a 1709 daga bakin wani matashi ɗan Halab mai suna Hanna Diyab, a ƙasar Sin aka ce ya faru.

The Lion King na 1994 ya fi wuyar yanke wa hukunci, kuma ba na son in yi masa rashin adalci. Sarki Mufasa da muryar James Earl Jones yake magana, sarauniya Sarabi da ta Madge Sinclair, dukansu baƙaƙe. Muryar da ke buɗe fim ɗin da harshen Zulu ta Lebo M ce, ɗan Afirka ta Kudu. Sunaye da dama na Suwahili ne: Simba zaki, Rafiki aboki. Masu zanen sun je Kenya sun ga dajin da idonsu. Duk da haka, da aka zo kan jarumin da yaro zai so ya zama, farar fata aka ba, Matthew Broderick. Kuraye kuwa, Whoopi Goldberg da Cheech Marin aka ɗauko, ɗaya baƙa ɗaya ɗan asalin Meziko, suna magana irin ta unguwannin talakawan manyan birane. Sunan shugabarsu Shenzi, wanda a Suwahili yake nufin mara wayewa.

Ku dubi inda aka ajiye su. Kuraye suna zaune a kufai mai duhu a bayan iyaka, cikin ƙasusuwan giwaye, kuma kukansu ɗaya ne tun farko har ƙarshe: yunwa. Fim ɗin bai taɓa tambayar dalilin da ya sa aka hana su shiga inda abinci yake ba. Ranar da suka shiga, ƙasa ta bushe, garke ya watse. Akwai ma inda suke fareti a gaban Scar, ramammen zakin nan mai baƙar geza, faretin da aka tsara bisa wani fim ɗin farfagandar 'yan Nazi na 1935. Da ɗan sarki na jini ya dawo ya hau dutse, sai ga ruwan sama. Yaro ya tashi daga kallo da fahimtar cewa akwai waɗanda aka haifa don mulki, akwai waɗanda zamansu a waje shi ne zaman lafiyar kowa.

Gimbiya a jikin kwali, maza a bakin magana

Matakalar ba ta launi kaɗai ba ce. A 2016 wasu masanan harshe biyu, Carmen Fought da Karen Eisenhauer, suka zauna suka ƙirga kalmomin finafinan gimbiyoyi. A The Little Mermaid maza ke da kashi 68 cikin ɗari na magana, a Beauty and the Beast kashi 71, a Mulan 77, a Aladdin 90. Har Frozen na 2013, labarin 'yan'uwa mata biyu, maza suka kwashe kashi 59. Dalilin ya fi ƙididdigar ban sha'awa. Jaruma mace ce, amma mai shago namiji, dogari namiji, ɗan rakiya mai ban dariya namiji, mai ba da shawara namiji. Duk gurbin da marubuci bai tsaya ya yi tunani a kansa ba, namiji yake faɗawa ciki. Gimbiyar tana ƙoli ita kaɗai, duniyar da ke ƙarƙashinta ta maza ce.

A 2009, shekara 72 bayan Snow White, Disney ya fito da baƙar gimbiyarsa ta farko, Tiana, a The Princess and the Frog. Tun fim ɗin na kan takarda aka yi ca, domin an fara tsara ta a matsayin 'yar aikin ɗaki a gidan Turawa mai suna Maddy. Aka mai da ita mai hidima a gidan abinci da ke tara kuɗi don buɗe nata a New Orleans ta shekarun 1920. Hali ne mai kyau ƙwarai, mace mai zuciyar nema, kuma Anika Noni Rose ta yi mata murya mai daɗi. Sai dai fiye da rabin fim ɗin a siffar kwaɗo take. Iyayen da suka kai 'ya'yansu su ga gimbiya mai kama da su, koren kwaɗo suka fi gani.

Da sau ɗaya ne da sai a ce tsautsayi. A 2019 Will Smith ya fito a Spies in Disguise a matsayin gwanin ɗan leƙen asiri, aka mai da shi tantabara. A 2020 Pixar ya yi baƙin jaruminsa na farko, malamin kiɗa Joe Gardner a Soul. Ba a yi nisa ba ya faɗa rami ya zama wani shuɗin kurwa, da ya dawo duniya kuma ya tsinci kansa a jikin kyanwa, wani ruhu mai muryar Tina Fey ya shige nasa jikin. Ina son Soul, kuma wurin shagon aski da ke cikinsa, wanda hannun marubuci Kemp Powers ya fito a ciki ƙarara, yana daga cikin mafi kyawun abin da Pixar ya taɓa yi. Amma an ba mutum kujerar sarki, sannan an ce ya ɗan tashi a zauna masa.

Kamfanonin sun san da wannan duka. Da aka buɗe Disney+ a 2019 an liƙa gargaɗi a kan tsofaffin finafinai, a 2020 aka ƙara masa kauri, a 2021 kuma aka janye Dumbo da Peter Pan da The Aristocats daga sashen ƙananan yara. Gargaɗin na wancan lokaci rubutu ne na Turanci da ya riƙa wucewa cikin daƙiƙoƙi, an yi shi don babba. Mai shekara biyar hanci da murya take karantawa. Ga shi kuma yawancin yaranmu ba ta Disney+ suke kallo ba, ta faifai ne da abin da aka tura a waya, inda babu gargaɗin ma sam.

Laifi tudu ne

Kafin mu cika baki, mu ma muna da tamu matakalar, kuma ta girmi Disney. A tatsuniya zaki sarki ne, kura ga haɗama ga wauta, kullum ita ke shan duka a ƙarshe. Gizo kuwa da tsamin baki ake yin maganarsa, duk mai ba da tatsuniyar da ta iya sai ta karya harshe in ta zo kansa, yara na jin haka sun san maƙaryacin ya iso. Dabarar da Lippi-Green ta ƙirga a Amurka, kakanninmu sun daɗe suna amfani da ita a gindin murhu. Kalmar da muke kiran maganar da ba ta fita, gwaranci, daga sunan wata al'umma muka ciro ta. A finafinan barkwancinmu ma, in aka sa ɗan wasa ya karya Hausa irin ta wata ƙabila, an gama gaya wa mai kallo cewa ga wanda za a yi wa dariya.

Akwai bambanci guda da nake ganin yana da nauyi. Wasan da ke tsakanin Bafulatani da Babarbare, ko tsakanin taubasai, ba a yin sa sai ɗayan yana nan, kuma yana da bakin ramawa. Ka kira shi bawanka, ya kira ka nasa, a yi dariya a tashi. Tatsuniya ma yaro na iya katse kaka ya ce don me. Fim ba ya jin tambaya, kuma wanda aka zana ba shi da damar zana wanda ya zana shi.

Shi ya sa Kirikou et la Sorcière na 1998 yake burge ni har yau. Michel Ocelot Bafaranshe ne farar fata, amma a Gini ya yi yarintarsa. Ya ɗauki muryoyin 'yan wasan Afirka, Youssou N'Dour ya yi masa kiɗa. Kowa a ƙauyen ya yarda Karaba mayya ce muguwa, magana ta ƙare. Ɗan mitsitsin jaririn nan shi kaɗai yake ta nacin tambayar abin da ya mai da ita muguwa, har ya kai ga kakansa, ya ji cewa wasu maza ne suka soka mata ƙaya a gadon baya, kuma da raɗaɗinta take kwana take tashi. Ya cire ƙayar. Tambayar da The Lion King bai yi wa kuraye ba, a kanta aka gina wannan fim ɗin gaba ɗaya.

Wani misali na baya-bayan nan shi ne Iwájú, mai kashi shida, wanda ya fito a Fabrairun 2024 daga haɗin gwiwar Disney da Kugali, kamfanin wasu matasa biyu 'yan Najeriya da ɗan Yuganda guda. A Legas ta nan gaba labarin yake. Tola 'yar mai kuɗi ce a tsibiri, Kole yaro ne daga tsallaken gada da ke aiki a gidansu. Matakalar tana nan, ba a rushe ta ba, amma an juyo da ita gaba ana kallonta: wa ke cin abinci a tebur, wa ke shiga ta ƙofar baya, me talauci ke iya sa yaron kirki ya aikata. Turancin buroka a nan harshen gari ne kawai. A Abuja ma Adamu Waziri ya daɗe yana yin Bino and Fino, wa da ƙanwa 'yan Najeriya da ke zaune a gidansu tare da danginsu, babu wanda ya rikiɗa ya zama kwaɗo.

Su kuwa kuraye na gaske, suna da masu kare su. Lokacin shirya The Lion King masu zane sun je wata cibiyar bincike ta Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka zauna suna zana kurayen da ake kiwo a can. Da fim ya fito masanan wurin ba su ji daɗi ba, har ɗayansu, Laurence Frank, ya ba da shawarar a ƙaurace masa. Tun a 1972 wani masani ɗan Holan, Hans Kruuk, ya wallafa abin da ya gani cikin shekarun da ya yi yana bin kuraye da dare a Serengeti da Ngorongoro na Tanzaniya. Kura mafarauciya ce ta sosai, mafi yawan abin da take ci ita ke kashewa, kuma mata ke shugabancin garkensu. A Ngorongoro ya tarar sau da yawa kuraye ne ke kayar da nama cikin dare, zaki ya zo ya ƙwace. Gari na wayewa mai yawon buɗe ido ya iso da kyamara, ya ga zaki a kan nama kuraye na rakuɓe a gefe, ya ɗauki hoton ɓarayi suna jiran sarki ya ƙoshi.

Na gwada ba ɗiyar ƙanwata wannan labari da yamma, muna cin gyaɗa a ƙofar gida. Na ce mata a daji fa sau da yawa zaki ne ke ƙwace abincin kura. Ta tsaya da tauna, ta dube ni irin duban da ake yi wa babban da ya yi ƙarya a gaban yara.

Ta ce, "A'a Kawu, kura ce ɓarauniya. Ai na gani."